ABOKINKA LINZAMI NE KO BULALA?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda ya halicci mutane da halaye daban-daban kamar yadda ya halicce su da launuka da harsuna daban-daban. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da wanda duk ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwana samari, maganarmu a cikin wannan ɗan littafi a kan wani hali ce wanda kowannenku ya sani, ko a jikinsa ko a jikin wani na kusa da shi. Watau halin nan na ƙishirwar kasada. Shi ne ka ga yaro ba ya iya zama wuri ɗaya, kome ya yi sau biyu ya gundure shi, ba ya jin yana raye sai gabansa yana faɗuwa. In ya hau babur sai ya saki hannu. In ya ga kogi ya kawo sai ya ce shi zai fara faɗawa. In aka ce kada a taɓa abu, to, shi ne fa abin da zai taɓa. Abin da nike so mu duba shi ne yadda wannan hali yake yi da abota, da kuma yadda abota take yi da shi.

ABIN DA YA FARU A GABANA

Zan fara da kaina, domin kada wani ya ce Malam yana faɗin abin da bai sani ba. Sa'ad da nike ɗan shekara goma sha bakwai muna da wani aboki a majalisarmu. Duk unguwa ba wanda ya kai shi farin jini. Ga kyauta, ga raha, ga zuciya. In an yi ɗaurin aure za a raka ango, shi ke gaba a kan babur ɗin wansa, ya saki hannu, ya miƙe tsaye a kan sirdi, mu kuwa muna baya muna ihu muna kiran sunansa. Ba mu taɓa hawa mun yi abin da yake yi ba. Namu dai tafi da kirari.

Wata rana aka yi wani biki, ya ce yau ba zai yi wasa ba, jikinsa ba daɗi. Wallahi ni da bakina na ce masa, "Ashe kai ma ka fara tsoro." Ya dube ni, bai ce kome ba, ya tayar da babur. Ba a yi minti biyar ba muka ɗauko shi daga cikin kwalbati, ƙugu ya karye.

Makon farko zauren gidansu ba masaka tsinke. Mako na uku mun ragu saura mu huɗu. Da aka yi wata biyu ba mai zuwa kullum sai wani yaro guda, wanda dā muke yi wa ba'a muna ce masa ustazu domin ba ya bin mu wurin biki. Shi ke ɗaga shi, shi ke kai masa buta, shi ke zama da shi shiru har ya yi barci. Mu kuwa majalisa ta riga ta sami wani sabon gwani. Yau abokin nan namu yana nan da ransa, yana ɗingishi, ya kuma yafe mini. Amma ni har gobe in na gan shi ya taho sai na tuna kalmomi shida da na faɗa. Allah ya gafarta mana.

SHIN HALIN KANSA ZUNUBI NE?

To, jama'a, mu fara raba abu biyu, domin adalci. Halin kansa halitta ce, ba a kama mutum da laifi don Allah ya yi shi mai zafin jini. Abin da ake tambayarsa shi ne inda ya kai zafin.

Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe suna nazarin wannan. Wani malami Ba'amurke, Marvin Zuckerman, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Delaware, ya fitar da ma'aunin wannan hali tun shekarar 1964, daga baya ya kasa shi kashi huɗu. Na ɗaya, son abin da ke da haɗari ga jiki, kamar gudu da hawa da tsalle. Na biyu, son ɗanɗana sabon abu, ko wuri ko mutane ko abin sha. Na uku, son sakin jiki a cikin taro a yar da kunya. Na huɗu, saurin gundura da kome da kowa. Bincike ya nuna halin ya fi yawa ga maza, yana hauhawa lokacin balaga, ya kai ƙololuwa wajen ƙarshen shekarun goma sha, sa'an nan ya riƙa sauka a hankali. Nazarin da aka yi a kan tagwaye kuma ya nuna akwai gado mai yawa a cikinsa.

Likitocin ƙwaƙwalwa suka ƙara da cewa sashin da ke sa mutum ɗokin jin daɗi, wanda ke aiki da wani sinadari mai suna dofamin, yana kunnuwa da ƙarfi tun farkon balaga. Shi kuwa sashin da ke bayan goshi, wanda ke auna ƙarshen al'amari ya ce wa mutum dakata, ba ya gama nuna sai wajen shekara ashirin da biyar. Ka ga ke nan saurayi kamar ingarman doki ne wanda ƙarfinsa ya riga linzaminsa zuwa. Wannan ba uzuri ba ne, domin alƙalami ya hau kanka tun ranar da ka balaga. Sanin ciwo ne domin a san inda za a sa magani.

Kada kuma mu zalunci masu wannan hali. Sau da yawa su ne in gobara ta tashi suke fara shiga su fito da yaro. Su ne ba sa jin nauyin baƙo, nan da nan sun yi sabo. Dubi Halidu ɗan Walidu, Allah ya yarda da shi. Ƙarfin zuciyar da ya sa ya zagayo ta bayan dutse ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, ya yi wa Musulmi ɓarna, shi ne dai ya tsaya da shi ranar Mu'uta, shekara ta 8, har takubba tara suka karye a hannunsa kamar yadda Buhari ya ruwaito, ya kuma janye rundunar Musulmi ya tserar da ita. Mutumin bai sake ba, zuciyar ba ta sake ba. Abin da ya sake shi ne wanda yake yi dominsa, da waɗanda yake tare da su.

IDON ABOKI

Yanzu ga inda abota ta shigo. A shekarar 2005 wasu masana biyu a Jami'ar Temple ta Amurka, Margo Gardner da Laurence Steinberg, suka yi wani gwaji da mutum 306. Suka ba su wasan tuƙin mota a kwamfuta, inda fitilar hanya takan nuna ruwan ɗorawa, mutum ya zaɓa ko ya tsaya ko ya ci gaba ya yi kasadar karo. Wasu suka yi wasan su kaɗai, wasu kuma da tsararrakinsu biyu a gefe. Abin da aka samu shi ne yara 'yan shekara 13 zuwa 16 kasadarsu ta ninka in tsararraki suna wurin. Samari 'yan 18 zuwa 22 ta ƙaru da wajen rabi. Manya kuwa kusan ba abin da ya sake. A shekarar 2011 Steinberg da abokan aikinsa suka sake irin gwajin da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, suka sa abokan a wani ɗaki dabam, suna kallo kawai. Sanin cewa ana kallonsa kaɗai ya isa ya kunna sashin nan na ɗoki a ƙwaƙwalwar yaro, ya ƙara ganganci.

Ka ji fa. Ko ba ka ce uffan ba, idonka kaɗai zuga ne. To, ina ga wanda ya yi tafi? Ina ga wanda ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto domin a watsa? Ina ga wanda ya ce ashe ka fara tsoro?

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riga ya ba mu misalin wannan a hadisin Abu Musal Ash'ari da ke cikin Buhari da Muslim, inda ya kwatanta abokin zama nagari da mai ɗauke da turaren almiski, mugun abokin zama kuwa da mai hura wutar maƙera, wanda in bai ƙona maka tufafi ba ka kwashi wari. Ku lura da hikimar harshenmu. Abin da maƙeri ke hura wuta da shi sunansa zugazugi, abin da muke yi wa abokinmu kuma sunansa zuga. Zugazugi ba ya ƙonewa, ƙarfen da ke cikin wuta shi ke narkewa. Da yawanmu in mun ji hadisin nan sai mu riƙa lissafin wanda ya ɓata mu. Ba mu taɓa tambayar kanmu wa muka hura wa wuta ba.

ƁARNA HUƊU

Ku duba abin da ƙishirwar kasada take yi wa abota in ba ta sami linzami ba.

Na farko, tana sa mutum ya zaɓi aboki da ma'aunin nishaɗi. Ba ya tambaya ko wane yana da amana, ko yana salla, ko yana faɗin gaskiya. Tambayarsa guda ce, zama da shi akwai armashi? Ta haka masu hali iri ɗaya suke tattaruwa wuri guda, majalisa ta zama duk bulala ce ba linzami ko ɗaya. Mai cewa a bari shi ake fara kora, a sa masa suna matsoraci ko ɗan ƙauye.

Na biyu, mai saurin gundura da abu yana saurin gundura da mutum. Za ka ga yana da abokai ɗari, amma ba wanda suka shekara biyar tare. Da ya gama jin labaranka, ya san iyakar abin dariyarka, sai ya yi gaba. Abota kuwa irin itacen dabino ce, ba ta 'ya'ya a shekarar da aka dasa ta. Wanda ba ya iya jure zaman shiru da aboki, da zuwa dubiya, da zaman makoki, da rakiya asibiti, bai san abota ba tukuna, ya san taron biki ne kawai.

Na uku, abin da ya gamsar jiya ba ya gamsarwa yau. Rai yakan saba, sai an ƙara. Wanda ya fara da gudu zai koma sakin hannu. Wanda ya fara cacar ƙwallo da naira ɗari zai kai ga cin bashin abokinsa, daga nan ya fara ɓuya in ya hango shi. Wanda ya fara da sigari zai kai ga kwalba. Kun san a watan Mayu na shekarar 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin saboda yadda matasa suka mai da shi abin maye. Binciken da aka yi kan shaye-shaye a ƙasar na wannan shekara kuma ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda. To, ku tambayi duk wanda kuka sani ya faɗa wannan rami, wa ya miƙa masa ta farko? Maƙiyinsa ne? Ina! Maƙiyi ai ba ka karɓar ko ruwa daga hannunsa. Wanda kuke ci a kwano ɗaya ne ya ce ɗanɗana ka ji.

Na huɗu, in abin nishaɗi ya ƙare sai aboki kansa ya zama abin wasan. A tsorata shi don a yi dariya, a tona asirinsa don majalisa ta yi armashi, a ɗauki hotonsa yana cikin halin kunya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa wata rana sahabbai suna tafiya tare da Annabi, wani ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa, ya farka a firgice. A nan Annabi ya bayyana cewa firgita Musulmi bai halatta ba. Igiya fa kawai. Haka kuma ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, domin Shaiɗan yana iya fizgar hannunsa. To, ƙaƙa wanda ya nufo abokinsa da mota a guje sa'an nan ya taka burki, wai wasa yake yi?

"AI TSAUTSAYI BA YA WUCE RANARSA"

Na san amsar da ake ba mu. Sai yaro ya ce, Malam, ai kwana in bai ƙare ba ba a mutuwa. Gaskiya ne ajali yana hannun Allah. Amma wanda ya rubuta ajali shi ne ya hana mu jefa kanmu cikin halaka, a Suratul Baƙara aya ta 195. Kuma Abu Dawuda ya kawo hadisi mai gargaɗi ga wanda ya kwana a kan soron da ba shi da katangar da za ta tare shi. In barci a kan soro ya jawo gargaɗi, me za a ce da tsayuwa a kan sirdin babur? Imani da ƙaddara shi ke sa mutum ya yi haƙuri bayan abu ya faru. Wanda ya mai da shi lasin ganganci ya jahilci ƙaddara.

Wani kuma ya ce, ai ba yadda zan yi, babbanmu ne ya ce a yi. To, saurara. Buhari ya ruwaito daga Aliyu, Allah ya yarda da shi, cewa Annabi ya aika wata 'yar runduna ya naɗa musu shugaba. A hanya shugaban ya fusata, ya sa suka tara itace suka hura wuta, ya ce su shiga. Har wasu sun yunƙura, sai suka dubi juna suka tuna cewa gudun wuta ne ya kawo su wurin Annabi tun farko. Suka tsaya har wutar ta mutu. Da labari ya kai ga Manzon Allah sai ya nuna musu cewa da sun shiga da ba su fita ba, kuma biyayya a cikin abin kirki kaɗai take. Wannan fa shugaba ne wanda Annabi da kansa ya naɗa. Balle wani yaro da ya zama shugaban majalisa don ya fi kowa baki.

Ku tuna kuma da Suratul Furƙan, aya ta 27 zuwa 29, inda Allah ya siffanta nadamar wanda aboki ya ɓatar. Malaman tafsiri da yawa sun ce ta sauka ne a kan Uƙubatu ɗan Abu Mu'aiɗ, wanda ya karkata zuwa ga gaskiya, amininsa ya ce ba shi ba shi in bai juya ba, shi kuwa ya juya don kada ya ji kunyar aboki. Tsoron a ce ka ji tsoro ya halaka mutane tun kafin a ƙera babur.

MAGANI

In kai ne mai wannan hali, ba na ce ka zama dutse ba. Musulunci bai ce ka kashe dokinka ba, cewa ya yi ka hore shi. Annabi ya sa an yi tseren dawaki a Madina. Ya bar Habashawa sun yi wasa da masu a cikin masallacinsa. Ya yi wa Salamatu ɗan Akwa'u izini ya yi tseren ƙafa da wani Ba'ansare a kan hanyarsu ta komowa Madina, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Saboda haka nemi inda ƙarfinka zai yi amfani. Koyi iyo a hannun wanda ya iya, yi gudu, yi sukuwa a filinta, shiga aikin agaji, shiga aikin kashe gobara, yi tafiya neman ilmi ko fatauci. Ma'aunin guda uku ne: kada abin ya zama haramun, kada ya zama halaka ce a fili, kada kuma ka sa ran wani a ciki. Sa'an nan ka yi wa kanka wannan tambaya kafin kowace kasada: in ba wanda ke kallo, zan yi? In amsar a'a ce, to, ka sani ba jarumtaka ce ke tura ka ba, neman tafi ne.

Abu na biyu, nemi aboki guda wanda zai iya ce maka a'a, ka riƙe shi da hannu biyu ko da zama da shi ba armashi. Dubi Salmanul Farisi da Abud Darda'i, waɗanda Annabi ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakaninsu. Salmanu ya ga ɗan'uwansa ya wuce iyaka da azumi da tsayuwar dare har ya manta da iyalinsa. Ya ƙi cin abinci sai Abud Darda'i ya ci tare da shi, ya hana shi tashi sai ƙarshen dare, ya tuna masa cewa jikinsa da iyalinsa suna da hakki a kansa. Da aka kai magana gaban Annabi sai ya gaskata Salmanu. In har mai wuce iyaka a ibada yana bukatar abokin da zai riƙe shi, ina ga mai wuce iyaka a wasa?

In kuwa kai ne abokin mai wannan hali, to, nauyi yana kanka. Kada ka guje shi tun da fari, domin in masu hankali duk suka watse, 'yan zuga kaɗai za a bar masa. Amma ka hana shi idonka. In ya fara, juya baya ka tafi, kada ka yi tafi, kada ka ɗauki hoto, kada ka ba da labarin gobe da sha'awa. Yi masa magana ku biyu, ban da gaban jama'a, domin a gaban jama'a girman kai ne zai amsa maka. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ranar da ya ce yau ba zan yi ba, kai ne za ka fara cewa madalla. Ka tuna misalin jirgin ruwa da ke cikin hadisin Nu'umanu ɗan Bashir a Buhari: mutanen ƙasa suka so huda jirgi, in na sama suka riƙe hannunsu kowa ya tsira, in suka zuba musu ido kowa ya nutse. In kuma ka yi iyakar ƙoƙarinka ka ga kai yake ja maimakon ka jawo shi, to, tsira da addininka, ka ci gaba da yi masa addu'a daga nesa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ya kai ɗan'uwana, yau da dare in ka kwanta lissafa mutanen majalisarku ɗaya bayan ɗaya. Tambayi kanka, in na kwanta wata biyu ba na iya tashi, wa zai kawo mini buta? Sa'an nan ka juya tambayar, wa ni zan kai wa? Allah ya gaya mana a Suratuz Zukhruf aya ta 67 cewa ƙauna duk za ta koma gaba ranar ƙiyama sai ta masu taƙawa. Tun a nan duniya ma ana ganin alamarta, a zauren majinyaci, mako na uku.

Allah ya shiryi samarinmu, ya sa ƙarfinsu ya zama na taimakon addini da jama'a. Allah ya haɗa mu da abokan da za su riƙe hannunmu, ya tsare bakunanmu daga zuga wani zuwa ga halaka. Waɗanda suka ji rauni Allah ya ba su lafiya, waɗanda suka riga mu Allah ya jiƙansu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, Allah ya yafe mini.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.